Kwana Saba'in a Shekara

Tun daga bakin tashar jirgin ƙasa ta Charing Cross Zinatu ta hango shi, cikin farar shadda da kwat a sama, yana taka ƙasa a hankali kamar zai fasa ta.

Yau Sallah, yau kuma Uwaisu zai je Plumstead wurin yayanta Maharazu neman aurenta. Ƙarfe biyu suka yi da shi. Yanzu huɗu ta wuce.

"Barka da Sallah, Zinatuna..."

Bakinsa cike da goro. Uwaisun da ta sani ba ya cin goro.

"Matso. Huro min iska."

"Haba, a gaban mutane?"

"Ni nas ce, Uwaisu. Ko buhun goro ka tauna na san warin nan."

Ya kawar da kai.

"Kofi ɗaya ne. 'Yan kwas ɗinmu suka haɗa ɗan biki a Aldwych. Kin san yadda ake yanzu, kuɗin mai ya shigo, kowa da kwalba a hannu..."

Wata biyu ke nan da haɗuwarsu a wani gidan suna. Ma'aikaci ne, gwamnati ta turo shi kwas. Mai sanyin murya, salla ba ta wuce shi, duk azumin nan yana jiran ta a ƙofar asibiti da dabino a aljihu. Zailani, abokin Maharazu da ya neme ta ta ƙi, shi ya kai tsegumi: wai mashayi ne, an taɓa kwaso shi daga matakalar tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Maharazu ya ce ƙanwarsa ba ta auren ɗan giya. Ita ta tsaya gabansa ta rantse cewa ko ƙamshinta ba ta taɓa ji a jikinsa ba.

Kuma ba ƙarya ta yi ba.

"To wanda na sani fa?" ta ce. "Ina yake?"

"Ni ne mana. Kwana arba'in kafin azumi nake ajiyewa, kar sallata da azumina su tashi a banza. Sai talatin na azumi. Shekara shida ban taɓa fashi ba." Har da ɗan murmushi. "Mashayi zai iya haka?"

Arba'in da talatin. Ta lissafa a ranta. Duk hirarsu, duk alkawuransu, a cikin kwana saba'in ɗin nan aka yi su.

"Yanzu ma na rage, masoyiyata. A da, kwalba guda nake tashi da ita. Saboda ke daga yau na koma kofi ɗaya a rana. Har layi na ja a jikin kwalbar."

"Akwai wani tsoho a ɗakinmu na asibiti, shi ma layi yake ja. Matarsa ta ce kullum layin sauka yake yi. Cikinsa ya kumbura, ko takalmi ba ya iya ɗaurawa."

"Ni ba shi ba ne."

"Ka daina, Uwaisu. Gaba ɗaya. Akwai likitan da na sani, ni zan yi maka booking, ni zan raka ka. Yaya ya jira, ni ma in jira."

"Ba zan yi miki alkawarin da zan karya ba. Rabi zan iya. Ki karɓi rabin."

"Ba a yi wa wannan ciwon rabi."

Ya riƙo bakin mayafinta. 

"Ki ba ni lokaci... Rajab yana zuwa, zan sake ajiyewa, ki gani da idonki."

"Na gani ai. Uwaisun kwana saba'in ɗin nan nake so, wallahi shi nake so." Ta dube shi. "Sauran wata taran da wa zan zauna?"



Ta zare mayafinta daga hannunsa, ta shiga jirgin Plumstead ita kaɗai. Ta zauna jikin taga tana kallon sa, tana roƙon Allah ya sa ya biyo ta, ko da gudu ne, ko da ƙarya ce zai zo da ita.

Yana tsaye inda ta bar shi. Jirgi ya fara motsi, ta ga ya ɗaga hannun riga ya duba agogo.

Biyar da rabi ake buɗe mashaya.