Rodin da Sabiru ya kafa bayan ɗaki

Don Allah don Annabi, wanda duk ya gane ni kada ya faɗi sunana. Kashe ni za a yi a gida.

Lokacin da anka yanke sabis a Zamfara, wani gida a Tsafe akwai saurayi Sabiru, mai gyaran waya. Aiki ya tsaya mishi cak. Sai abokinai na Gusau ya ba shi rediyon oba-oba da wani ɗan akwati, modem, wai in ya haɗa su da kwamfuta saƙo zai tafi ta iska. Kullum yana durƙushe gaban baƙin allon kwamfutar, yana canza lambar gudun saƙo, yana musanya wayoyi. Akwatin ya yi ƙiiii, allon ya zubo shirme. Abokin ya ce ai sai ya kafa rodi a ƙasa, ya ɗaura waya, ya zuba ruwan gishiri.

Bayan ɗaki ya kafa shi, inda ake zubda toka. Don gishirin ya narke da wuri, sai ya ɗebi tafasasshen ruwan tuwon ƙanwatai Bara'atu ya sheƙa. Ana kiran magariba. Ko bisimilla bai yi ba.

Yana komawa ya tarar rubutu ya daidaita. Bai gama murna ba dutsen farko ya faɗo kan kwanon rufi. Sai na biyu ya fasa randa. Kaji sunka yi tsit.

Bara'atu tana kwasar tuwo aka ɗaga ta sama aka buga da bango. Ta tashi, aka sake bugawa. Inna ta riƙe ta, ta yi wurgi da Inna cikin murhu. Maza huɗu sunka danne ta, ta ciji kunnen ɗaya har ya rabe. Bayanta duk ya tashi bororo kamar an watsa mata ruwan zafi. Kowace magariba haka, tana ƙara ƙarewa, ko ruwa ba ya wuce mata.

Aka ɗauko Malam Isma'ila daga Bungudu. Ya zauna kusa da kanta yana karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Can sai bakinta ya buɗe da muryar tsohuwa. Ta ce ɗanta na barci cikin toka aka soke shi da ƙarfe, aka bi shi da tafasasshen ruwa, don haka yarinya za ta ɗauka. Malam ya ce yarinya ba ta san komai ba, za a tuge rodin, a nemi gafara. Ta yi dariya, ta murɗe wuyan Bara'atu har munka ji ƙas. Har sunka ji, nake nufi.

"To a ba ni hannun da ya zuba."

Malam ya ce ba a ciniki da jikin musulmi. Bai rufe baki ba Sabiru ya ce, "Ki ɗauka. Ki sakam mini ƙanwata."

Ya tafi bayan ɗaki ya kama rodin. Ihun da ya yi har kasuwa an ji. Bara'atu ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta nemi ruwa.

Hannun nai na dama ya shanye kamar ƙirare. Yanzu ita ke ba shi tuwo a baki, kuma an hana kowa faɗa mata dalili, tana zaton wutar batir ce. Kullum sai ta yi mishi faɗa a kan ganganci, shi ko sai ya

Wani na taɓa ƙyaure. Bari in ɓoye