Masu Kwana a Tsohuwar Kwamfuta

Ku matso. Nafisa, kashe wayar nan, ba na son haske. Labarin Bashari zan ba ku, mai gyaran kwamfuta a bayan kasuwar waya. Na san shi. Gwani ne, amma ɗan rainin wayo ne na ƙarshe.

Wata Juma'a wani mai kyamis ya kawo masa kwamfutoci biyu, sabuwa dal da wata tsohuwa da ta shekara da shekaru a sito ba a kunna ta ba. Ya ce a kwashe komai a zuba a sabuwar, a goge tsohuwar tas.

Aka tafi masallaci. Bashari bai tafi ba. Layin ya yi tsit, rana ta take.

Ya haɗa su da waya, ya fara kwashewa. Manhajoji suka wuce, hotuna suka wuce. Saura folda ɗaya. Ba ta da suna. Duk sanda ya duba sai ya ga nauyinta ya ƙaru kaɗan, ya ragu kaɗan, kamar mai numfashi.

Sai aka yi sallama.

Wata mata ce doguwa, zaninta na jan ƙasa. Bakinta ya riga ya rufe kafin muryar ta iso kunnensa.

"Malam, a kwashe har da marar sunan nan."

"Ke kuma wace ce?"

"A ciki muke zaune. Mun tarar ba kowa, muka shiga. 'Ya'yana na barci a can. Ka mayar da su sabon gidan, mu tashi lafiya."

Ku da kanku kun san abin da ake faɗa mana tun muna yara. Duk wurin da aka daɗe da bari, ba a watsa masa ruwan zafi sai da bismilla, don akwai masu shi. Bashari ma ya sani. Amma dariya ya yi.

"Baiwar Allah, wannan bairos ne. Ba zan ɓata wa mutum sabon kaya ba."

Ta durƙusa. Wallahi ta durƙusa masa.

"Ƙanana ne. Ko tafiya ba su fara ba."

Ya juya mata baya. A baƙin gilashin sabuwar kwamfutar ya hango ƙofar shagon, ya hango kansa. Ita ce bai gani ba. Duk da haka taurin kai ya hana shi janye yatsa. Ya danna goge.

Fankar tsohuwar kwamfutar ta yi wani siririn kuka, ta yi shiru. Shagon ya ɗauki ƙauri.

Matar ta miƙe. Ba ta yi kuka ba.

"Kana da 'ya?" in ji ta.

Da ta juya zanin ya ɗage, ya ga duga-duganta ne a gaba.

Ya tsallake kayan ya ruga gida. Yana da 'ya guda, Ummita, wadda bakinta bai daɗe da buɗewa ba. Ya tarar da ita zaune a tabarma, ido buɗe. Uwarta na jijjiga ta tana kiran sunanta. Yarinyar na numfashi, jikinta da ɗumi, amma ba kowa a ciki. Ko nono ta manta yadda ake kamawa.

Washegari ya buɗe shago. Tsohuwar kwamfutar na kunne, alhali ba ta jone da wuta. Folda ɗaya ce a ciki, an rubuta mata Ummita. Ya danna.

"Baba," in ji muryar Ummita. "Akwai duhu."

Daga bayansa aka ce, "Ni ban goge taka ba. Kwashe ta na yi, yadda na roƙe ka. Ga ta nan, kyauta na ba ka."

Har yau yana ƙoƙarin fito da ita. Kullum layin kwafin sai ya kusa cika, sai ya tsaya. Kwamfutar kuwa ta tsufa, cikinta ya fara ƙas-ƙas, kuma shi ya fi kowa sanin me wannan ƙarar take nufi. Na leƙa shi bara, na ga yana yi mata fifita da kwali. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Don haka kada wanda ya zauna shi kaɗai a kasuwa ana Juma'a. In kuma aka ba ku tsohon abu ku goge, ku fara yin sallama, ku saurara.

Nafisa, wayar nan ta hannunki, ta wa ce kafin ta zama taki?