Akwai Baƙo a Ɗakin Ƙurya

Ana gab da kiran magariba Auta ta gama gugar farar rigar da 'yarta za ta sa jibi, ranar ganawar shiga makarantar koyon jinya, ta rataye ta a ƙofar kabad. Ta tagar hawa na huɗu tana jin gari yana hayaniyar tashi daga aiki: hon ɗin motoci, ihun kwandastoci, masu shaguna suna jan ƙofofin ƙarfe. Ummi tana bakin gado tana bitar takardunta, leɓɓanta suna motsi. Yamma ce irin ta kullum, in ban da cewa su biyun ba su taɓa sauka a wuri mai kyau irin wannan ba.

Otal ɗin ya girmi duk wani gini da ke kan titin. Matakalarsa ta katako ce, ta sha taku har tsakiyarta ta lotsa, makullan ɗakunansa kuwa na tagulla ne masu cika hannu. Yayan Auta ne manaja. Shi ya riƙe ta tun rasuwar iyayensu, shi ya aurar da ita, shi ya tsaya mata da mijin ya rasu, don haka ko da ta haura arba'in ba ta jin komai in ya kira ta Auta a gaban mutane. Da ta ce masa za su shigo gari, cewa ya yi, "Ina manajan otal guda ki je ki raɓa a gidan wasu? Ɗakin da ya fi kowanne zan ba ku, ke da uwata." Uwata yake ce wa Ummi, don sunan mahaifiyarsu ta ci. Auta ta yi ta baza labarin a waya har ƙawayenta suka gaji da ji.

Ɗakin yana can ƙuryar baranda. Da ya rako su da rana, a bakin ƙofa ya tsaya ya miƙa mata makulli, ya ce ana jiran sa a ƙasa. Wata tsohuwa mai gyaran ɗakuna ta hango su, tawul-tawul ɗin da ke hannunta suka zube, ya yi mata wani kallo, ta sunkuya ta kwashe ba ta ce uffan ba. Auta ta gani, amma hankalinta yana kan gadon mai rumfa da labulayen da suka kai ƙasa.

Ladan yana ɗaga murya tsakuwa ta farko ta daki madubi.

Auta ta dubi taga. A rufe take, kuma wa zai yi jifa daga titi ya kai hawa na huɗu? Ta biyu ta faɗo daga wajen silin ta gangara ƙarƙashin gado. Ta uku ta sauka a kan takardun Ummi. Sai duk hayaniyar titin ta ɗauke, kamar an toshe mata kunne da auduga, kuma cikin wannan shirun ta ji gyaran muryar dattijo daga kujerar da ke kusa da taga. Ba kowa a kujerar.

"Ummi," ta ce a hankali, "taso ki zo nan."

Yarinyar ta ɗago kai. Idanun nata ne, kallon ba nata ba ne. Da wata murya mai kauri ta ce, "Ba a yi sallama ba." Ta sulale a kan gado.

Auta ta buga wa yayanta waya. Ya saurare ta tsaf, ya yi 'yar dariya, ya ce tsohon gini ne, siminti ke zuba, yarinya kuma fargabar ganawa ce ta taɓa ta. Ya ce zai hawo in ya sallami wasu baƙi. Bai hawo ba. Ta kwana zaune tana tofa wa 'yarta duk addu'ar da ta zo bakinta. Da safe Ummi ta tashi garau sai ciwon kai, ba ta tuna komai, Auta kuwa ta ji kunyar ta tada hankali a wurin aikin yayanta, ta ce wa kanta wataƙila gaskiyarsa ne.

Magariba ta biyu ba ta bar mata wurin shakka ba. Tsakuwa ta riƙa zuba a kan kabad da teburi. Ummi ta miƙe ta taka da tafiyar tsoho mai ciwon gwiwa, ta zauna a kujerar nan, ta ɗora hannuwa a cinya. Auta ta kama ta za ta tayar, yarinyar da tulun ruwa ke gagara ta ture ta da hannu ɗaya har ta bugu da bango.

A lokacin aka ƙwanƙwasa ƙofa sau uku, aka yi sallama, aka jira.

"Shigo, Iya," in ji muryar da ke bakin Ummi. "Ke kaɗai kika rage mai ladabi a gidan nan."

Tsohuwa mai gyaran ɗakuna ce. Ta dubi yarinyar, ta dubi uwar, idonta ya kawo ruwa. "Shekara talatin ina canja zanin gadon nan duk mako," ta ce, "ban taɓa shiga ba sai na yi sallama na jira. Haka na tarar ana yi. Makullin ɗakin ma juya shi ake yi a jikin allon makullai, alamar akwai baƙo. 'Yata, ki yafe mini, jiya ya kamata in buɗe baki." Ba ta jira amsa ba ta fita, ba a jima ba ta dawo da malamin masallacin da ke bayan otal.

Siririn mutum ne mai tabarau, ba shi da hayaniya. Shi ma ya yi sallama a bakin ƙofa kafin ya shigo. Ya sa aka rufa wa yarinyar mayafi, ya zauna a ƙasa nesa kaɗan da kujerar, ya fara karatu a hankali, ba ya gaggawa. Tsakuwar ta tsaya. Ummi ta fara numfashi da ƙyar, gumi yana keto mata, yatsunta suna damƙe hannun kujera. An daɗe a haka kafin muryar ta ce, "Ya isa, malam. Abin da kake karantawa ni ma na yi imani da shi."

"To me ya haɗa mai imani da jikin 'yar mutane?"

"Ni aka fara shiga wa. Kafin a kafa tubalin farko ina nan, a gindin wata rijiya. Wanda ya gina gidan ya nemi in matsa, ya ba ni ɗakin nan, ya ce muddin ginin yana tsaye nawa ne. Ban taɓa tsorata baƙo ko ɗaya ba. Jiya aka juya makullina."

"Yarinyar nan ce ta juya?"

Malamin ya ci gaba.

"Ita ta yi maka alkawari, ko uwarta? Ka san zalunci ne. Ka fita, ka ji tsoron Wanda ya halicce mu da kai."

"Zan fita," in ji muryar, kuma a karon farko Auta ta ji gajiya a cikinta. "Ɗakin ma na bar musu, na ƙoshi da zama da mutanen da ba su riƙe magana. Amma da sharaɗi. A kira wanda ya ba su makulli, ya faɗa wa matar nan da bakinsa dalilin da ya sa ya ba su. Ni an ci amanata na sani. Ita an ci tata tana godiya."

"Ƙarya yake yi, malam," in ji Auta. "Yayana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Irinsu suna ƙarya," in ji malamin. "Shi ya sa gara a ji daga bakin mutum. Iya, kira shi."

Yayan Auta ya hawo da kwat ɗinsa da murmushin tarbar baƙi, ya tsaya daidai inda ya tsaya jiya, ƙafarsa ba ta ƙetare dokin ƙofa ba. Da ya ga Ummi a kujerar, murmushin ya gudu.

"Yaya, shigo mana," in ji Auta.

Bai shigo ba. A nan ta gane, tun kafin ya ce komai.

Malamin ya faɗa masa sharaɗin. Ya yi ta kame-kame, ya share gumi, ya dubi Iya kamar ita ta jawo. Ummi ta yi wani nishi, kanta ya langaɓe gefe, sai maganar ta zubo masa. Sababbin masu otal sun ce ba za a bar ɗakin da ya fi kowanne kyau a rufe saboda tatsuniya ba, ya buɗe shi ko su nemi wanda zai buɗe. Ma'aikata sun ce ba mai kai baƙo can. Sai ya ce musu zai sa jininsa su kwana uku a ciki, in sun fito lafiya bakin kowa ya mutu.

"Wallahi na ɗauka ba komai, Auta. Na ɗauka surutun tsofaffi ne."

"Ka ɗauka ba komai," ta ce. "'Ya'yanka huɗu suna cikin garin nan. Kai kanka ga ka a bakin ƙofa. Jiya na kira ka ina kuka, ka ce mini siminti ne."



"Na ji," in ji muryar. "Malam, na cika nawa." Malamin ya sa mai muryar ya yi rantsuwa ba zai dawo ba, ya ci gaba da karatu. Ƙafar Ummi ta hagu ta yi karkarwa har zuwa ɗan yatsa, ta saki. Labule ya motsa sau ɗaya ko da yake taga a rufe take, sai ga hon ɗin motoci da ihun kwandastoci sun dawo cikin ɗakin gaba ɗaya.

"Mama," in ji Ummi da 'yar muryarta, "ƙishirwa nake ji."

Auta ta ba ta ruwa, ta rungume ta har yarinyar ta ce tana shaƙe ta. Daga nan ta ninke farar rigar ta sa a jaka, ta tattara takardun, ta yi wa malamin godiya. Iya ta ce ɗakinta ƙarami ne amma akwai katifa, kuma mota ɗaya ce daga can zuwa makarantar.

Yayan Auta ya biyo su matakala hawa huɗu yana magana. A gaban teburin karɓar baƙi ya sha gabanta, idanunsa jajur. "Auta, dubi girman Allah. Ni ne fa. Ni na goya ki."

Ta san shi ya goya ta, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta ajiye makullin tagullar a kan teburin a hankali.

"Ga makullinku, manaja," ta ce. "Mun gode da masauki."

Ya dafa teburin. Ba ta waiwaya ba. A waje titi ya cika maƙil, fitilu sun kama, mutane suna ta gogayyar kafaɗa. Sai da suka tsaya jiran tsallakawa hawayen suka zo mata.

"Mama, ba mu yi wa Kawu sallama ba," in ji Ummi.

"Riƙe hannuna," ta ce. "Motoci."