Laka a Bayan Jar Riga

Ƙarfe huɗu na la'asar ne, wata Lahadi a shekarar 1966. Hadari ya haɗo daga gabas ya tsaya cak, bai zubo ba, garin Tawa sai zufa. Insifekta Sha'ibu Gambo yana komisariya, ofishin 'yan sanda, aka shigo da gudu, aka ce an kashe mutum a bakin tasha.

Ya tarar da saurayi kwance rubda ciki, duwatsu zube kewaye da shi. Jar riga ce a jikinsa, ta 'yan ƙwallon Damisar Konni. Mako guda ke nan da Damisa ta zura wa Guguwar Adar, ƙungiyar Tawa, ƙwallo uku, aka kuma jefi motar 'yan Tawa a hanyar dawowa. Tun ranar ko jan ƙyalle ba a son gani a garin.

Insifekta ya durƙusa. Raunukan duk a kai suke. Amma tsakanin kafaɗu akwai tabon laka ɗanya, da ƙaiƙayi a cikinta, irin wadda ake kwaɓawa a yi tubali. To, kwana goma rabon garin da ruwa, filin tasha kuwa ƙayau yake.

Mutane sun watse, sai wata Zaliha mai fura da ke haɗa ƙorenta.

"Baiwar Allah, me kika gani?"

"Ranka shi daɗe, ni damu nike. Ban ga komi ba."

"Ludayinki ga shi can kusa da ƙafarsa. Shi ya kai kansa?"

Ta ajiye ƙwarya. "Saukarshi mota ke nan wani ya yi kuwwa, 'Ga ɗan Konni!' Sai ji kake ɗaf a bayanshi. Wallahi da ya waiwayo dariya shike."

"Dariya?"

"Har da buɗe hannu, kamar za shi rungumi mutum. Ya ce, 'Bawana, haka ake tarbon ubangida?' Daga nan sai duwatsu. Ban ga mai jihwar hwarko ba, taro ya rufe."

Insifekta mutumin Damagaram ne, amma wannan magana ko'ina ɗaya take. Ba wanda ke kiran ɗa bawa yana dariya sai taubashi, ɗan mace da ɗan namiji.

Kafin magariba an gane mamacin. Sunansa Alƙasum, haifaffen Tawa, tela ne da ya tafi Konni neman aiki shekara biyu da suka wuce. Washegari bayan jana'iza Insifekta ya je gidan uwarsa, Kaltumi. Ya same ta a ƙofar ɗaki, idanun sun bushe don kuka.

"Inna, wa ya san zai zo jiya?"

"Ni ma ban sani ba, ɗana. Ashe so shike in ganai kwatsam cikin rigar, in san an ɗauke shi wasa. Ma'azu kaɗai ya aika ma saƙo."

"Wane ne Ma'azu?"

"Ɗan ƙanena. Ni na goye shi da uwarshi ta rasu. Akushi guda sunka ci. Shi ya shiga kabari ya karɓe shi da sahe." Ta ɗaga kai. "Ka samo mini wanda ya yi, in ga idonshi."

"Sana'ar me Ma'azu yake yi?"

"Tubali, bakin tabki. Shi ne kuma mai tsaron gida na Guguwa."

Insifekta ya fita, ya je bakin tabkin ya dawo. Sannan ya ce a kira Ma'azu daga wurin zaman makoki.

Ma'azu ya tuɓe takalma a tsakar gida, ya zauna gefen tabarmar gwaggonsa. Dogo ne, hannuwansa duk faso.

"Ina kake jiya da la'asar?"

"Tabki, ranka shi daɗe."

"Ka san ɗan'uwanka na tafe, ba ka je tarbonsa ba?"

"Aiki ya riƙe ni."

"Wa ya gan ka a can?"

"Kowa."

"Kowa, alhali jiya ranar kasuwa ce? Na biya ta tabkin yanzu. Maƙwabcin raminka ya ce tun azahar ka dunƙula curin laka guda, ka naɗe a ganye, ka tafi kana murmushi."

Insifekta ya juya ga Kaltumi.

"Alƙasum ya kira wani bawansa kafin ya faɗi. Taubashi nawa gare shi a Tawa?"

Kaltumi ce ta amsa, a hankali. "Guda."

Sai Ma'azu ya juyo ya fuskance ta.

"Gwaggo, wasa ne. Wallahi wasa ne. Tun muna yara haka muke, in ya dawo gona in jehe shi da laka, shi bi ni da gudu. Na ce yau sai na ɓata mishi rigar. Na manta mutanen tasha ba su san mu ba."

"Da suka ɗauki duwatsu fa?" in ji Insifekta.

"Ina tsaye."

"Me ka ce musu?"

"Ban ce komi ba. Ƙwallo ukun nan ta hannuna sunka shiga. Mako guda ana cewa na sayar da gari. Na ji tsoro in na ce ɗan gwaggona ne, su ce ga shaida." Ya kifa kai a gwiwa. "Ya kira sunana sau biyu, Gwaggo. Na juya baya."

Kaltumi ba ta yi kuka ba. Ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Ma'azu ya faɗi sunan mutum uku da ya ga sun ɗauki dutse, Insifekta ya rubuta. Ɗan sandan da ya rako Insifekta ya sa wa Ma'azu ankwa, ya tashe shi. Ya bi su haka nan, ƙafa ba takalmi, har bakin zaure.

Nan suka ji motsi a baya. Kaltumi ce, fuskar a rufe, takalman a hannunta. Ta ajiye su gaban ƙafafunsa, ta juya masa su yadda zai zura, ta koma ɗaki.

Ma'azu ya dubi takalman. Ya zura ƙafa, aka wuce da shi.