Gidan da Babu Kowa a Ciki

Da safe Akawu ya kai ƙara cewa an shiga ofishinsa ta taga. Aikinsa cike wa baƙin ƙasa takardun haraji, don haka ba a tunawa da shi sai wa'adi ya matso.

Sufeto ya duba ɗakin. Kwamfuta na nan, akwatin kuɗi na nan. Fayil guda aka ɗauke, na wata nas da mijinta direban tasi.

"Ɓarawo mai son karatu," in ji Sufeto. "Daga ciki aka zare sakatar tagar nan. Wa ya zauna kusa da ita jiya?"

"Direban. Na ce masa abin da suke samu a ƙasarsu ma sai an rubuta. Tare suke cikewa, yau matar za ta sa hannu. In aka ɓoye wani abu, izinin zamanta ne zai salwanta."

Aka kira su. Nas ta iso da rigar aiki, ranta a ɓace. Sufeto ya tambaye su abin da suka mallaka a ƙasarsu.

"Yallaɓai, ko kaza ba ni da ita a can," in ji direban.

"Gida fa?"

"Nawa ne," Nas ta katse shi. "Da gumina na gina. Babu kowa ciki sai ƙadangaru. Baban yara ya ce ba a samu 'yan haya ba."

"Kira wani a can, mu ji."

Ta kira ƙanenta, ta ƙara muryar wayar kowa ya ji.

"Yaya, ai a cike yake, har shago aka fitar. Ba mijinki ake tura wa kuɗin ba?"

Direban ya sunkuyar da kai. "Ni ne. Akawu ya tsorata ni, na faɗa masa zancen hayar, ya rubuta. Na ga in ta karanta, kashina ya bushe. Fayil ɗin yana ƙarƙashin kujerar motata."

"Wahalar banza," in ji Akawu. "Duk yana cikin kwamfuta."

Nas ta miƙe. "Ina wanke gyambon mutane, kai kana karɓar albashin maigadi a hannuna. Ƙadangarun yake gadi? Har takarduna za ka haɗa ka ƙona?"

Wani kofur ya tasa ƙeyar direban gaba. Ba ta ko waiwaya ba.

"Malam Akawu," in ji ta, "buga sabuwa. Rubuta hayar duka, har ta shagon. Sunana kaɗai."