Jan Benen Norway

Ranar da Safinatu ta fara ganin Sodangi, saniyar babanta ce ta shure shi ya faɗi zaune cikin kashin shanu. Malamin dabbobi ne daga Bodinga, ya zo Shagari yi wa garken babanta, Alhaji Ɗanbaba, allura. Ta yi dariya har nonon ƙwaryarta ya zube. Ya ce tunda ta gan shi a haka, sai ta aure shi ta rufa masa asiri. Tun ranar take ce masa Malamina, shi kuma ya ce mata Fara.

Ba a rufa shekara ba aka tura shi Norway koyon kiwo. Ya aiko mata da hoto, yana tsaye gaban wani jan bene mai tagogi reras. Kai, hoton nan ya sha yawo. Kafin Juma'a duk Shagari ta san Sodangi ya yi gida a ƙasar da kowa ke da barori, mai na ɓulɓulo musu daga teku. Alhaji, wanda a da ko gaisuwarsa ba ya amsawa da kyau, ya sallami Ɗahiru ɗan kwangila da ke neman Safinatu, ya ce ya riga ya yi suruki.

Sodangi ya dawo a 1983, lokacin da sabulu da shinkafa suka zama abin layi. A bayan a-kori-kura ya iso, da jaka ɗaya da takalman roba, hannuwansa duk sun tsattsage.

Safinatu na bayan zana lokacin da Alhaji ya tambaye shi labarin benen. Shi kuwa wannan bawan Allah ko ƙaryar ceton rai bai iya ba. Ya ce ai ɗakin shanu ne. Mai gonar a ɗan ƙaramin gida yake, shi ke tatsa da hannunsa, shi ke faskare, abincin ranarsa burodi mai sanyi a naɗe cikin takarda. Matarsa har safa take yi wa faci. Ba su da yunwa, amma bara ko ɗaya babu.

"Turawan?" in ji Alhaji. "Wanga yaro, ko ka ɓoye dukiya, ko koro ka anka yi. Tashi ka ba ni wuri. Ba ni ba ka ɗiyata."

Safinatu ta yi kuka har ta gaji. Ita kanta ta yi mafarkin benen nan, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Bayan kwana uku takarda ta zo: "Fara, da na ce gidana ne da yanzu kina ɗakina. Amma da kullum ina tsoron ranar da za ki sani. Naki, Sodangi."

Sai annobar bushiya ta faɗo wa shanun ƙasar. Hawaye, zawo, kwana biyar saniya ta faɗi. Allurar rigakafi ta yi wuya, makiyayan Alhaji suka gudu, Ɗahiru ya aiko da jaje daga cikin mota.

Ba wanda ya kira Sodangi. Ya zo, ya ware masu lafiya can bayan fadama, ya hana kowa ratsawa. Shi ke haƙa rami, shi ke jan waɗanda suka mutu, shi ke binnewa. Safinatu na kai masa fura ta ajiye daga nesa.

"Malamina, ka huta."

"In na huta, Fara, mi za ki tatsa?"

Cikin shanu sittin, bakwai suka tsira. Alhaji ya tsufa a wata guda. Ya zauna bakin ramukan, ya sa aka kira Sodangi.

"Ni yanzu ba ni da abin yi mata gara," ya ce. "Kana sonta hakanan?"

"Baba, ita nika so."

Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a, ba kiɗa, ba a yanka ko akuya ba. Da za a tafi da amarya Bodinga, Alhaji ya kama hannunta ya daɗe bai saki ba.

"Allah shi yi muku albarka," ya ce. "Ki riƙe shi, Safinatu. Ni na kore shi, shi ya binne min shanuna."