Hannun da Ke Taɓa Gawa

"Ɗauke tuwon nan daga gabana!"

Firdausi ta sandare da kwano a hannu, a falon su Mu'awiya, saurayinta, da ke unguwar Parkchester a ƙasar waje. Mahaifiyarsa, Hajiya Hajara, ta juyo mata da waya. Hoto ne da Shafa'atu, 'yar ƙanwar Hajiya, ta turo: ga Firdausi da safar hannu, ta sunkuya kan busasshiyar gawar wata 'yar Masar mai shekara dubu uku.

"Aikina ne a gidan tarihi, Mama. Ƙyallen da aka naɗe su da shi nake gyarawa, kada ya zube..."

"Mutanen Fir'auna! Da hannun nan za ki tuƙa wa ɗana tuwo?"

Mu'awiya ya dubi kafet. Digirinsa biyu, amma duk ranar da ake neman bakinsa sai kafet ya burge shi.

"Ki bar aikin mana, zumata," ya ce da ya rako ta tashar jirgi.

"Shekara tara na yi ina koyonsa, masoyi."

"To ki ba ni lokaci..."

Ta ba shi wata bakwai. Kullum tana jera ruɓaɓɓen zare ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki, kunnenta na kan waya.

Ranar da ya kira, rasuwar Hajiya ya faɗa mata. Ta garzaya gidan.

Mai wankan gawar masallacinsu ta tafi Damagaram. Shafa'atu, da ta fi kowa kururuwa, ta toge a ƙofa.

"Wallahi tsoro nake ji!"

Firdausi ta naɗe hannun riga ta shiga. Wata tsohuwa mai ciwon baya tana faɗa mata ƙa'ida, ita kuma tana juya Hajiya a hankali kamar jaririya. Ta ɗaure likkafani, ko tattara ɗaya babu.

Bayan sadakar bakwai Mu'awiya ya tare ta a matakala, idanunsa jajir.

"Ta bar wasiyya, Firdausi... Ta ce in auri Shafa'atu."

"Ni fa na wanke ta!"

"Na sani, zumata. Wallahi da ta gani, da ta janye."

Firdausi ta ɗauke kai.

"Allah Ya jiƙanta," ta ce, ta gyara jakarta. "Na san matattu, Mu'awiya. Komai nasu ina iya gyarawa, ban da magana."